Ka Saida Ta

Muryar babana ta mutu ta bar shi da rai, kuma yayana ne ya fara cin gadonta. Na faɗa masa haka ido da ido a tsakar gidanmu, don haka ba da bayan idonsa nake yi ba yanzu da nake rubutawa.

Baba makiyayi ne. A Gure aka haife shi, a nan ya tsufa. Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yansa, Yaya da ni, mahaifiyarmu kuwa ta daɗe da rasuwa. Ni ina aure a unguwarmu, ƙofar gidan mijina na kallon ta gidan Baba, kuma ɗinki nake yi da keke. Yaya dillali ne a kasuwar dabbobi. Baki ne jarinsa, tun muna yara in ya fasa ƙwarya sai ya yi bayanin da zai sa a dake ni.

Wanda bai san muryar Baba ta dā ba, ba zai gane abin da aka rasa ba. In ya hau tudun rairayin da ke bayan unguwa ya ƙwala kira, shanun da ke can ƙasa cikin kwari, tsakanin dabinai, sai su ɗago kai su kamo hanya. Maƙwabta kan tsokane shi cewa da ya yarda ya yi ladanci da masallaci ya huta da sayen lasifika. Da ita yake faɗa, da ita yake lallashi, kuma in ya ce a'a sau ɗaya ba mai sake tambaya.

Da dishewa abin ya fara. Muka bi shi da zuma da citta da ruwan kanwa, wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo rubutu, murya sai ƙara shigewa ciki take. Daga nan aka kai shi Damagaram, daga Damagaram aka ce sai Yamai. Can aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma in ana son mutumin ya rayu sai an cire wurin da murya ke fitowa gaba ɗaya. Aka cire. Aka bar masa ƙaramin rami a gindin wuya, ta nan yake numfashi har yau. Ni ke ɗinka masa 'yan ƙyallayen da yake rufe ramin saboda rairayi da ƙuda.

Bari in ba Yaya haƙƙinsa sau ɗaya, kada a ce fushi ya rufe mini ido. Shi ya kai Baba Yamai, shi ya shimfiɗa tabarma a gindin gadonsa, shi ya zubar da abin da ba a so a ambata. Ni ina gida da goyo. Wannan ya yi shi, kuma Allah ya gani. Shi ne ma abin da ya fi ƙona mini rai, don da baƙo ne ya yi mana abin da ya biyo baya, da tuni na manta da shi.

Suka dawo da wata na'ura da likita ya ba su. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba, siffarta ta tocila ce sak, saboda haka tocila muke ce mata har yau. Mutum zai danna kanta a gefen wuyansa, ƙarƙashin muƙamuƙi, ya latsa maɓalli da babban yatsa, sai ta yi ta kurma wani irin gunji. Gunjin ya shiga baki, leɓe da harshe su yanka shi ya zama magana. Sai an dace da wurin da ya kamata a wuyan, in ta goce kaɗan ba abin da ke fita sai ƙara. Ranar da Baba ya fara gwada ta a gaban masu zuwa gaisuwa, wata tsohuwa ta ja da baya tana a'uziyya, wani kuma ya ce ashe an buɗe injin niƙa a gidan. Aka yi dariya. Na riƙe fuskar duk wanda ya yi dariyar, kuma akwai waɗanda har yau ba na karɓar ɗinkinsu.

Duk da haka na gode wa tocilar nan, don bayan dogon shiru na sake jin Baba ya ce "Ɗiyata." Baba bai yi boko ba, ajaminsa ma bai kai na rubuta buƙata ba, da babu ita da sai dai nuni da hannu. Amma tana da aibi guda, kuma aibin ya faɗo daidai kan harshenmu. Muryarta ba ta hawa, ba ta sauka. Akwai ɗan abin murzawa a gefenta da ke ƙara mata kauri ko siranta ta, amma inda aka ajiye shi nan za ta tsaya, kowace kalma a kan layi ɗaya. Ga shi kuma yatsan Baba na gajiya, yakan saki maɓallin bayan kowace kalma, sai doguwar gaɓa da gajeruwa su fito tsawo ɗaya. Ban taɓa sanin cewa rabin Hausa a hawa da saukar murya yake ba sai da na ji ta an shimfiɗe ta haka.

Wata safiya ina share masa ɗaki ya ɗora tocila ya ce, "Wuya." Na yar da tsintsiya na rugo, na ɗaga ƙyallen, na duba ramin, ina tambaya ko jini ne, ko ƙaiƙayi, ko wani abu ya faɗa. Ya ture hannuna ya sake cewa, "Wuya." Na fara kiran a nemo mota. Yaya yana bakin ƙofa yana shan shayi, dariya har da buga cinya.

"Ke, ba wuyanshi yake nufi ba," in ji shi. "Wuyar duniya yake gaya miki. Tocilar nan ba ta san hawa da sauka ba, likita da kanshi ya gaya min. In yana magana kada ki dogara da kunnenki, dubi huskarshi."

Na duba. Gaskiya ne, fuskar ta mutumin da zaman ɗaki ya isa ce, ba ta mai ciwo ba. Daga ranar na koyi sauraron Baba da ido. In gira ta ɗaga, tambaya ce. In haɓa ta yi gaba, umarni ne. In ya runtse ido ɗaya, tsiya yake ja. Yaya ne malamina a wannan karatu, ina so a riƙe wannan.

Da ya sami ƙarfi ya ce a kai shi wurin shanu. Ya tsaya a bakin garke ya ɗora tocila ya yi kiran da ya saba. Shanun suka zabura, suka watse, wani maraƙi har ya tsinke igiya. Baba ya tsaya da abin a hannu yana kallonsu. Sai ya sa ta aljihu, ya buga harshensa a ganda, 'yar ƙarar nan da ba ta buƙatar maƙogwaro. Guda ɗaya ce ta juyo, wata jar saniya mai lanƙwasasshen ƙaho. Ta tako a hankali, don ta tsufa, ta zo ta sa hancinta a ƙirjinsa daidai ƙyallen, tana shinshina. Na juya baya don kada ya ga ina kuka.

Wannan saniya daga tsatson karsanar da kakarmu ta ba Baba ranar sunansa ta fito, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya, har aka zo kanta. Ita ke gaba in za a rijiya. Ta daina haihuwa, nononta ya ƙafe, haƙoranta sun cinye, kuma tun kafin ciwon Yaya ke cewa a rabu da ita tun tana da nama a jiki. Ba zan ce lissafinsa ba ya kan hanya ba, kowane dillali haka zai ce. Amma Baba ya ba shi amsa tun da tsohuwar muryarsa, a gabana, har maƙwabta suka ji: a turkenta za ta ƙare, in ya ga za ta yi mushe shi zai sa mata wuƙa da hannunsa. Yaya bai sake tayar da maganar ba sai da murya ta tafi.

Kafin ya kai ga saniya, sai da ya fara da zaure. Mutane na zuwa gaida Baba, ko neman shawara kan kiwo, ko aron bijimi. Baba zai ɗora tocila ya fara, kalma ɗaya-ɗaya, baƙon ya karkata kunne yana yamutsa fuska, sai Yaya ya tsoma baki: "Cewa ya yi..." Da farko taimako ne. Daga baya ya daina jira Baba ya kai ƙarshe. Daga baya kuma abin da ke biyo bayan "cewa ya yi" ya fara bambanta da abin da aka ce. Baba ya ce a bar maruƙa a gida sai ruwa ya sauka, Yaya ya ce cewa ya yi a duba yadda za a yi da maruƙa. Baƙi suka daina kallon bakin Baba, suna gaishe shi sannan su juya wajen ɗansa, kamar yadda ake gaida hoto a bango. Mutumin da dā ake jinsa daga kwari ya koma yana ɗaga yatsa yana jiran a ba shi dama a zaurensa.

Na tare Yaya a soro na ce, "Yaya, wa ya naɗa ka tafinta?"

Ya ce, "Ke dai koma kan kekenki. Ni na kwana da shi a gidan likita, ni na san maganarshi."

Na ce, "Ka san ta, shi ya sa kake iya murɗe ta."

Ya yi murmushin nan nasa na kasuwa, wanda yake wa mai saye in ya gano raƙumin na ɗingishi. Ya ce mata ba su san wahalar riƙe gida ba. Na ce maza ma wasu riƙon da suke wa gida irin na mahauci ne da akuya. Muka rabu a haka, kowa na huci.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Ciyawa ta ƙare a daji, dusa ta yi wuyar samu, makiyayan yankin Alakos suka yi ta kwararo dabbobi kasuwa kafin su rame. Jar saniya ta fara jan ƙafar baya. Ranar kasuwa da safe Yaya ya kwance ta ya ce zai kai ta wurin likitan dabbobi a duba ƙafar. Baba ya raka su har bakin hanya, yana shafa mata doro, ya ɗaga haɓa ya ce a ba ta ruwa in an isa. Yaya ya ce to.

Rana ta ɗaga ina gidan Baba ina sauya masa ƙyalle, sai ga maƙwabciyarmu mai saida tabarmi ta dawo daga kasuwa. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Mi ya kai jar saniyarku kasuwar bisashe? Na ga wasu baƙi na buɗe mata baki suna duba haƙora."

Baba ya miƙe tsaye, ya nuna salulata, wato wayar hannuna. Na kira Yaya. Ya ɗauka, ina jin hayaniyar kasuwa da kukan awaki a bayansa. Na ce, "Ga Baba," na kara wayar kusa da bakinsa. Sai da ya lalubi wurin a wuyansa kafin ya dace. Ina tsaye a gabansa, ina ganin fuskarsa kamar yadda nake ganin wannan takarda. Girarsa ta ɗaga har ta kusa shiga hula, idanunsa a buɗe, irin na wanda ke tsoron amsar da za a ba shi. Ya latsa maɓalli.

"Ka. Saida. Ta."

Ga shi nan na rubuta, kuma a rubuce ma haka yake, ba a san inda ya dosa ba. Mai lafiyayyen maƙogwaro in ya ja "ka" ɗin ya ɗaga ƙarshen magana, tambaya yake: ashe har ka sayar? In ya gajarta shi ya kwantar da murya, umarni ya bayar: je ka sayar. Tocila ba ta san wannan ba. Da a ce da Manganci ya yi maganar, Barbarcinmu na gida, da akwai 'yar kalmar da ake liƙawa a ƙarshen tambaya, ba ruwanta da hawan murya. Amma a wurinmu maganar kasuwa da Hausa ake yin ta, kuma Baba ya ji kasuwa a cikin wayar, harshensa ya bi abin da ya saba.

Sai na ji muryar Yaya ta yi nisa da wayar, yana ce wa wasu, "To, kun dai ji da kunnenku." Ashe ya buɗe lasifikar wayar kowa na ji. Sannan ya dawo kusa ya ce, "An gama, Baba. Allah shi ƙara girma." Ya kashe.

Baba ya danna tocila yana son cewa kada, ta goce daga wurinta, sai gunji kawai. Na sake kira, waya a rufe. Na sake, a rufe. Na fita da mayafi a baibai, rairayin Gure na riƙe mini ƙafa, har na sami ɗan kabu-kabu. Ko da na isa, an riga an loda ta a kamiyo, babbar motar ɗaukar dabbobi. Aka nuna mini hanyar kudu da hannu, aka ce kamiyon ya ɗaga tun ɗazu. Na iske Yaya a rumfar dillalai, ya miƙe ƙafa, ana zuba masa shayi, igiyar saniyar a naɗe a gefensa.

Na ce, "Tambayarka ya yi! Ina gabanshi, na ga huskarshi!"

Ya ce, "Ni huska nake gani a salula? Abin da kunnena ya ji shi na yi, ga shaidu nan." Ya ɗauki igiyar ya miƙo mini. "Ungo, kai mishi."

Na karɓa na jefa masa a fuska, a gaban abokan sana'arsa, na faɗi abubuwan da ba zan maimaita a nan ba, ba don na yi nadama ba sai don ba su da daɗin karantawa. Da na juya zan tafi na dawo na tsinci igiyar daga ƙasa, don Baba ne ya tufka ta da kaba da hannunsa. Da na kai masa ya karɓa, ya juya ta, ya rataye a turken. Bai taɓa tocila ba duk yinin.

Ni na kai ƙara wurin Baffa, wan Baba, shi ne babba a dangi. Washegari bayan azahar aka zauna a rumfar ƙofar gidansa. Baffa da Baba a kan tabarma ɗaya, Yaya a gefe da dillalai biyu da ya kawo shaida, ni a bakin ƙofa inda ake ajiye mata da takalma. Shaidun suka rantse cewa sun ji tsoho da bakinsa ya ce ka saida ta. Ba ƙarya suka yi ba, abin da suka ji ke nan. Na buɗe baki, Baffa ya ce, "Ke, bari manya su gama."

Sannan ya juya wajen Baba. Na san da kyakkyawar niyya ya yi abin da ya yi, amma har gobe ban yafe masa ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, maimaita yadda ka hwaɗa jiya."

Baba ya ɗora tocila. "Ka. Saida. Ta."

"To, yanzu hwaɗe shi a tambaya."

Baba ya gyara zama, ya miƙe wuya, jijiyoyinsa suka tashi, yana ƙoƙarin ɗaga abin da babu shi. "Ka. Saida. Ta."

"To, a umarni."

"Ka. Saida. Ta."

Duk ɗaya. Ɗaya daga cikin dillalan ya cusa baki cikin rawaninsa, kafaɗunsa na girgiza. Dattijon da ya yi kiwon garke tun kafin a haifi uban wannan mai dariyar, an sa shi yana maimaita kalma uku kamar ɗan lakwal a gaban malamin aji. Zufa na bin gefen fuskarsa tana jiƙa ƙyallen da na ɗinka.

Yaya ya buɗe hannu ya ce, "Baffa, ka dai ji. Ni mi zan yi? Ƙarhe ba ya ƙarya."

Nan na daina jiran manya. Na ce, "Baffa, a tambaye shi wa ya koya min cewa tocilar nan ba ta hawa ba ta sauka. A tambaye shi wa ya ce min kada in dogara da kunne, in dubi huska. Duk Gure ba wanda ya san aibin abin nan kamar shi. Ya san Baba ya hana tun yana da murya. In bai gane ba, mi ya hana shi cewa Baba maimaita? Mi ya sa ya rufe salula?"

Yaya ya ce pil ne ya mutu, wato batirin wayar. Na ce pil ɗin ya iya zaɓen lokacin mutuwa. Baffa ya daka mini tsawa, amma na riga na faɗa, kuma na ga dillalin da ke dariya ya daina.

Hukuncin Baffa shi ne wanda kowa ya san zai yanke. Ciniki ya faɗa, saniya ta yi nisa, ba a san ma garin da za a sauke ta ba. Yaya ya sayo wa Baba karsana a madadinta. Sauran kuma a yi haƙuri, zumunci ya fi saniya. Na tsani kalmar haƙuri a ranar, don na lura kullum wanda aka cuta ake miƙa wa ita. Aka fara shafa fatiha ana neman takalma.

Sai Baba ya ɗaga hannu. Wannan karon ba yatsa ya ɗaga ba, tafin hannu ne gaba ɗaya, kowa ya koma ya zauna. Ya ɗauki tocila, ya nemi wurin a natse, ya juya ya fuskanci ɗansa. Yaya ya buɗe baki zai ce "cewa ya yi," Baffa ya taɓa masa gwiwa.

"Shin," in ji Baba.

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Kalmar masu karanta labarai ce a rediyo, makiyayi ba ya buƙatarta. Ashe ya kwana yana neman abin da zai kafa a gaban magana don kada a sake sace masa tambaya.

"Shin. Ta. Sha. Ruwa."

Ba tambayar da muka zata ba ce. Bai tambayi abin da aka biya ba, bai tambayi wanda ya saya ba. Tafiyar kudu doguwa ce, a bayan kamiyo, cikin zafin bazara, dabbobi a cushe, kuma tun safiyar jiya ta bar gida.

Yaya ya ce, "Baba, ai... masu kamiyon su ne ke..." Ya dubi shaidunsa, suka dubi ƙasa.

Baba ya sauke tocila daga wuyansa ya ajiye ta a kan tabarma. Ya dubi Yaya tun daga hula har ƙafa. Sannan ya ja tsaki.

Tsaki ba ya bi ta maƙogwaro, tsakanin harshe da haƙora ake yin sa, likita bai taɓa wurin ba. Ya fito da ƙarfinsa na dā, dogo, mai kaifi, irin wanda in ya yi mana muna yara sai mu nemi wurin ɓuya. Muryar babana ce na ji, tasa ta kansa. Ba wanda ya nemi a fassara masa. Baba ya ɗauki tocilarsa ya sa aljihu, ya dafa kafaɗata ya tashi, muka tafi gida.

An kawo karsanar, baƙa ce, lafiyayya. Baba yana ba ta dusa kamar yadda yake ba sauran, amma ba a turken jar saniya aka ɗaure ta ba, igiyar kaba na nan rataye a wurin. Da yamma in shanu sun dawo wani lokaci yakan manta ya buga harshe a ganda, sai ya tuna, ya sa hannu a baya ya koma ciki.

Yanzu ya iya tocilarsa fiye da dā. Kowace tambaya da "shin" take farawa ta ƙare da "ko," kowane hani sai ya ce "kada" sau biyu, har jikokinsa na kwaikwayonsa yana bin su da sanda. A zaure in baƙo bai gane ba, Baba yakan maimaita har sai ya gane, kuma ba mai cewa "cewa ya yi." Yana hira da ni, da Baffa, da mai tabarmi, har da dillalin da ya yi masa dariya. A salula kuwa ya daina magana da kowa.

Yaya yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a bayan masallaci. Yakan durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni." Baba ya miƙa masa hannu, ya gyaɗa kai, tocila na cikin aljihu, ana ganin tudunta ta jikin riga. Yaya ya yi ta zuba, labarin kasuwa, labarin ruwa, labarin wanda ya rasu, yana barin gurbi bayan kowace magana ko za a cike masa. Ba a cikewa. Har ya gaji ya tashi.

Wata Juma'a ya tare ni a soro, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba murmushin kasuwa. Da safiyar ranar da hannuna na karɓo tocilar daga wurin mai cajin waya, cike take, kuma kafin shigowarsa Baba yana ba ni labarin wata rijiya a garin Gamu.

Ya ce, "Ke, tocilar Baba ta lalace?"

Na dube shi. Na daidaita muryata, ba hawa ba sauka, na yanka kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Ta. Lalace."

Na bar shi nan tsaye, ya fassara da kansa.